Suna zuwa sau ɗaya, ba sa dawowa: in rufe aikin ne?

Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina kula da wata 'yar manhaja da na rubuta. Ƙari ce a kan pytest, manhajar da ake gwada kod ɗin Python da ita, tana tattara sakamakon gwaji ta fitar da rahoto. Na ɗora ta a GitHub, shafin da ake ajiye kod ana aiki tare, a buɗe, kowa na iya dubawa ya gyara, kuma ana amfani da ita har a ƙasashen da ban taɓa takawa ba. Damuwata ita ce ni kaɗai nake ɗauke da ita. A bara mutum 11 suka turo gyara, biyu kacal suka sake waiwayowa. Da rana ina wurin aiki, sai dare nake samun zama, wata rana ma babu wuta. Makon jiya wani yaro ya turo gyaran da ya kayar da gwaji bakwai, raina ya ɓaci, na rubuta masa cewa ya fara koyon karatu kafin ya zo yana ɓata wa mutane lokaci. Ya rufe buƙatarsa ta a shigar da gyaran bai ce uffan ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ga wani kuma da ya turo gyara uku masu kyau, yanzu yana so in ba shi ikon shigar da gyara da kansa, ni kuwa ina jin tsoro. In rufe aikin in huta ne, ko akwai yadda zan yi mutane su zauna?

Mai kula da manhaja, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka rufe tukuna. Mutum 11 a shekara ɗaya ba ƙaramin abu ba ne ga manhajar mutum ɗaya, yana nufin ana zuwa ƙofarka. Inda suke ɓacewa shi ne tsakanin sallama da zama, kuma wuraren da ake yin tuntuɓe a wannan tsakanin sanannu ne, ana iya gyara su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da yaron, domin nasa ba ya jira. A bainar jama'a ka faɗa masa maganar, kuma tana nan rubuce, duk wanda ya leƙo aikinka yana tunanin ba da gudummawa zai karanta ta. Saboda haka a nan wurin za ka ba shi haƙuri, ba ta saƙon sirri ba. Kada ka goge abin da ka rubuta ka yi kamar bai faru ba, shi dai ya riga ya gani. Layi uku sun isa: maganar da na yi maka ba daidai ba ce, ka yi haƙuri, na gode da lokacin da ka ba aikin nan, in kana so mu sake buɗe buƙatar mu duba gwaje-gwajen nan bakwai tare. Kada ka haɗa da bayanin gajiya ko rashin wuta, uzuri yana rage wa ban haƙuri nauyi. Mai yiwuwa ba zai amsa ba. Ko da bai amsa ba, wajibi ne ka rubuta.

Kafin ka rubuta ma, ka duba abu ɗaya: a ranar da gwaje-gwajen suka faɗi, shin babban reshe, wato ainihin kod ɗin da ake shigar da gyare-gyare cikinsa, yana wucewa lafiya? Sake kunna gwajin a kansa ba tare da gyaran yaron ba. Sau da yawa pytest ne ko wani ɗakin karatu da ka dogara da shi ya fitar da sabuwar siga, gwaji ya karye a ɓoye, sai baƙon da ya fara turo gyara bayan nan ya ɗauki laifin da ba nasa ba. In kuwa gyaransa ne ya kayar da su, tambaya ta gaba ita ce ko ka taɓa rubuta masa yadda zai gudanar da gwajin a kwamfutarsa kafin ya turo.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma baƙon GitHub ba ya ganin fuskarka. Abin da yake fara tararwa shi ne fayil ɗin CONTRIBUTING.md, mai bayanin yadda ake ba da gudummawa, kuma shi ne tabarmar. Gwada shi kamar kai ne baƙon. Ari kwamfutar wani, wadda ba ta taɓa ganin aikinka ba, zai fi kyau mai Windows in kai Linux kake amfani da shi. Saka agogo, ka bi abin da ka rubuta kalma bayan kalma, ba tare da ƙara komai daga abin da ka haddace ba. Burinka shi ne daga sauko da aikin zuwa ganin duk gwaji ya wuce, kada a haura minti 15. Umarni biyar suka kamata su wadatar: git clone, sai python -m venv .venv, sai kunna muhallin, sai pip install -e ".[dev]", sai pytest. Rubuta hanyar kunnawa iri biyu, source .venv/bin/activate ga masu Linux da Mac, .venv\Scripts\activate ga masu Windows. Alamomin zance da ke kewaye da .[dev] ma kada ka bar su, domin zsh, mai karɓar umarnin da ke zuwa da Mac, yana ɗaukar waɗannan baka a matsayin neman suna, sai ya ce bai sami komai ba. Irin wannan ƙaramin abu ne ke sa mutum ya rufe kwamfuta ya tafi, kai kuwa ba za ka taɓa jin labari ba.

Auna kuma yawan datar da saukarwar ke ci, ka rubuta adadin a fili. Wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa yana da haƙƙin ya sani kafin ya fara. In akwai gwaje-gwaje masu jan lokaci ko masu buƙatar intanet, pytest --durations=10 zai nuna maka goma mafiya nawa. Yi musu alama da @pytest.mark.slow, ka yi rajistar alamar a pyproject.toml, ka gaya wa baƙo cewa pytest -m "not slow" ya ishe shi, sauran injin GitHub Actions, mai gudanar da gwaji da kansa in an turo gyara, zai yi.

Yanzu ga inda muke so ka daɗe: gwajin da ke wucewa yau ya faɗi gobe ba tare da an taɓa komai ba. A wurinka ba wani abu ba ne, ka san shi, sai ka sake danna maɓalli. A wurin baƙo jan tambarin faɗuwar gwaji yana nufin shi ne ya ɓata, kuma kunya ba za ta bar shi ya tambaya ba. A manhajar da sana'arta gwaji ce, wannan ya fi muni, domin mutumin ya zo ne yana ganin nan ne gidan da aka iya gwaji.

Sanadinsa bai cika wuce huɗu ba. Na farko, gwaji ya jingina da abin da wani gwajin ya bari a baya. Girka pytest-randomly, wanda ke hautsina jerin gwaje-gwaje a kowane zagaye, ka gudanar sau goma. In ɗaya ya faɗi, lambar da ya buga a sama ita za ka ba --randomly-seed domin ka maimaita wannan jerin daidai. Na biyu, gwaje-gwaje biyu suna rubutu a fayil ɗaya mai tsayayyen suna, abin da ke fitowa fili da zarar an gudanar da su lokaci guda da pytest-xdist. Maganinsa tmp_path, kowane gwaji da nasa wurin. Na uku, fita intanet da gaske, wanda monkeypatch ke maye gurbinsa. Na huɗu shi ne lokaci, kuma wannan ya shafe ka kai tsaye. Injinan GitHub Actions suna kan agogon UTC, Najeriya da Nijar kuwa suna gaba da awa ɗaya. Gwajin da ke kwatanta ranar yau ta kwamfuta da ranar UTC zai wuce a GitHub kullum, amma a Zariya ko Maraɗi zai faɗi daga ƙarfe 12 na dare zuwa ƙarfe 1, daidai lokacin da masu aikin dare irinka suke zaune. In rahotonka yana ɗauke da kwanan wata, duba nan da kyau. Wanda ba za ka iya gyarawa a makon nan ba, saka masa xfail, alamar da ke cewa an san zai faɗi, tare da dalili da lambar rahoton matsalarsa, ya daina tsorata mutane.

Akwai na biyar da ya kamata Bahaushe ya riga kowa sani. In ka buɗe fayil da open() ba ka ce encoding="utf-8" ba, Python a kan Windows yakan bi tsarin haruffan kwamfutar, galibi cp1252, wanda babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a cikinsa. Rubutawa za ta tsaya da UnicodeEncodeError, karantawa kuwa za ta mayar da ƙ ta koma Æ™. A Linux ba za ka taɓa gani ba. Ƙara Windows cikin jerin injinan da ke gwada aikinka, tunda GitHub Actions kyauta ne ga aikin da ke buɗe, sannan ka rubuta gwaji ɗaya mai suna da haruffa masu lanƙwasa.

Wani tarkon kuma na GitHub ne da kansa. Tun 2021, bayan da wasu suka riƙa amfani da injinansa suna haƙar kuɗin kirifto, wanda bai taɓa ba da gudummawa a aikinka ba, gwajinsa ba ya tashi sai ka danna maɓallin amincewa. Shi abin da yake gani kawai shi ne ana jira, bai san wa ake jira ba. Faɗi haka a CONTRIBUTING.md, kuma ka duba gyaran da idonka kafin ka danna, musamman in ya taɓa fayilolin da ke cikin .github/workflows. Ka sani kuma buƙatar da ta fito daga kwafin wani ba ta samun makullan sirrinka, don haka duk gwajin da ke buƙatar su zai faɗi a hannun kowane baƙo. Sa ya tsallake kansa in babu makulli. Kada ka koma pull_request_target, hanyar tayar da gwaji da ke ba da makullan, don ka kauce wa wannan, domin in ya gudanar da kod ɗin baƙo, ka miƙa masa makullan ke nan.

Sai aikin da za ka ba sabon zuwa. Tambarin good first issue ba ya aiki in abin da ke ƙarƙashinsa layi ɗaya ne mai cewa a gyara rahoto. Ware guda biyar, kada su fi haka, ka rubuta kowanne kamar kana aiken ƙaninka kasuwar da bai sani ba: ga abin da ke faruwa, ga abin da ya kamata ya faru, ga fayil ɗin, ga sunan aikin da ke ciki, ga umarnin da zai nuna matsalar, kuma bai kamata ya ci fiye da awa biyu ba. Rubuta wannan zai ɗauke ka minti 20, gyaran da kanka kuwa minti biyar. Ka daure kada ka gyara. Minti 15 ɗin da ka yi asara kuɗin koyar da mutum ne. Ka sa doka a rubuce cewa wanda ya ce ya ɗauki aiki, in ya yi kwana 14 ba a ji ɗuriyarsa ba, aikin ya koma hannun kowa, ba tare da an ga laifinsa ba.

Aikin farko mafi dacewa a irin manhajarka ba gyara ba ne ma, gwaji ne da ke tabbatar da matsalar da wani ya kawo rahoto. Da pytester, wanda ke zuwa tare da pytest, abin layi kaɗan ne: pytester.makepyfile ya ƙirƙiri ɗan fayil ɗin gwaji, pytester.runpytest ya gudanar da shi, assert_outcomes ya tabbatar da nawa suka wuce nawa suka faɗi. A shigar da shi da xfail tare da strict=True. Ranar da wani ya gyara matsalar, gwajin zai yi ƙara cewa ya wuce ba zato, sai a cire alamar. Baƙo ya koyi cikin manhajar ba tare da ya taɓa abin da zai karye ba, kai kuma ka sami rabin aikin a gama.

Batun amsa, shiru ya fi kakkausar magana korar mutane, domin shi ya fi yawa. Ba sai ka duba gyara a ranar da ya zo ba. Abin da ake so shi ne cikin kwana biyu mutum ya ji an gan shi: na gani, na gode, zan duba ranar Asabar. Daga waya ma ana yin wannan, ko babu wuta. Dubawar kanta ka yi mata zama biyu a mako, awa ɗaya-ɗaya, ka rubuta ranakun a README. Wanda ya san Asabar yake jira ba ya jin an wulaƙanta shi ranar Alhamis. Kuma kada ka yi bita bayan sha ɗaya na dare kana gajiye. A irin wannan lokacin ne ake rubuta maganar da ake nadama.

In ka zauna dubawa, raba abin da dole ne da abin da ra'ayinka ne, ka faɗi wanne ne wanne. Ga sabon zuwa kada na dole su wuce uku a zagaye ɗaya. Tsarin rubutu, tazara da jerin import ba aikin bakinka ba ne, bar wa pre-commit da ruff, manhajojin da ke duba wannan da kansu. Mutum ba ya jin zafin gyaran inji kamar yadda yake jin na ɗan'uwansa. Ƙaramin kuskure kuma ka yi amfani da maɓallin ba da shawarar gyara, shi sai dai ya danna ya karɓa. In ya kai kashi tara cikin goma ya ɓace, ƙarasa da kanka, ka bar sunansa a kan aikin ko ka saka layin Co-authored-by. Babban sauyi kuwa, rubuta tun farko cewa a buɗe tattaunawa kafin a fara. Cewa a'a ga shawara mai layi biyar abu ne mai sauƙi. Cewa a'a ga aikin mako biyu yana kashe zumunci.

Mutum tara ɗin da ba su dawo ba, me ka ce musu bayan ka haɗe gyaransu? In ba ka ce komai ba, to a nan suka tafi. Mutum ya gama abin da ya kawo shi, ba wanda ya nuna masa akwai na biyu. A saƙon da za ka rufe buƙatar, yi godiya a kan takamaiman abin da ya yi daidai, sannan ka ɗora masa lambar wani aikin da ke kusa da fayil ɗin da ya riga ya sani, ka tambaye shi ko zai duba. Saka sunansa a jerin sauye-sauye, ka fitar da siga a PyPI, rumbun da ake sauko da manhajojin Python, cikin mako biyu, ya ga abinsa ya isa hannun mutane. Ko yanzu bai ɓaci ba ka koma wa taran nan da irin wannan saƙo. Ka sa a ranka dai cewa mafi yawansu matsalarsu ce ta kawo su, ta warware sun wuce, kuma wannan halal ne. Biyu ko uku masu zama kake nema.

Za ka kuma gamu da gyaran da babu amfani a ciki, kamar ambaliyar da aka sha a Hacktoberfest na 2020, shirin watan Oktoba mai ƙarfafa turo gyara, ko wanda aka kwafo daga manhajar ƙirƙirarriyar basira ba a karanta ba. Tambaya ɗaya ke tace su ba tare da cin fuska ba: wane gwaji ne ke faɗuwa kafin gyaran nan, yake wucewa bayansa? Saka ta a fom ɗin buƙata.

Mai neman iko kuwa, tsoronka yana da tushe, amma amsar ba e ko a'a ba ce, mataki-mataki ce. Matuƙar aikin yana ƙarƙashin asusunka na kai, duk wanda ka ƙara ikon rubutu yake samu kai tsaye. Buɗe asusun ƙungiya a GitHub, kyauta ne, ka mayar da aikin can. A nan ne ake samun matakai biyar, Read, Triage, Write, Maintain da Admin. Ba shi Triage yau: zai iya saka tambari, ya rufe rahoton da aka maimaita, ya amsa wa baƙi, ba zai iya taɓa kod ba. Wannan kaɗai zai sauke maka kaya mai yawa. Bayan wata uku, in ka ga yadda yake yi wa mutane magana da yadda yake karɓar gyara, ba shi Write, amma sai ka kulle babban reshe yadda babu abin da zai shiga sai gwaji ya wuce kuma wani ya amince, har da naka. Su kansu masu pytest sun taɓa rubutawa a ƙa'idarsu cewa wanda ya kai gyara har aka haɗe shi ba tare da ya ɗora musu ƙarin aiki ba yana iya samun ikon rubutu, amma gyara a wurinsu ta hanyar bita yake shiga.

Makullin fitar da siga a PyPI shi ne na ƙarshe, kuma kada matsin lamba ya sa ka miƙa shi. A watan Maris na 2024 Andres Freund ya gano ƙofar ɓoye a xz, manhajar matse fayiloli, siga 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe kusan shekara biyu yana turo gyara masu kyau ga mai kula da aikin da ke shi kaɗai kuma ya gaji, wasu asusun suna matsa masa ya nemi mataimaki. Muguwar hajar kuma a cikin fayilolin gwaji aka ɓoye ta, irin waɗanda ido ba ya iya karantawa. Ba muna cewa mutuminka haka yake ba, kusan tabbas mai son taimako ne. Doka ce da za ta hau kan kowa: duk fayil ɗin gwajin da ba rubutu ba ne, sai ya zo da ɗan kod ɗin da ya samar da shi, kuma fitar da siga ta hanyar Trusted Publishing na PyPI za a yi, inda injin GitHub ke ɗora sigar ba tare da an riƙe makulli a hannu ba, daga babban reshe, bayan amincewarka.

Kuɗi kuwa, kada ka sa rai da yawa. Aikin pytest kansa yana karɓar tallafi ta Open Collective da Tidelift, kuma fayil ɗin FUNDING.yml, mai nuna inda za a ba ka tallafi, ba ya cin komai, amma ƙaramar manhaja ba ta cika samun abin kirki ta nan ba. Abin da ya fi yi maka amfani shi ne lokacin mutane. In ka ga rahoton matsala daga ma'aikacin wani kamfani, tambaye shi ko za su bar shi ya ba aikin awa biyu a wata. Rassan Open Source Community Africa da tarukan masu Python a Najeriya ma wuri ne da za ka kai ayyukan nan biyar, ka zauna da mutane yini ɗaya su yi gyaransu na farko kana gefensu.

Ba kanka wata uku a kan wannan tsari. In sun cika kana jin nauyin bai ragu ba, akwai hanyar sauka ba tare da ka rufe ba. Ƙungiyar pytest-dev tana karɓar ƙarin manhajoji irin taka domin a raba kulawa, muddin tana PyPI, tana da lasisi, README, wurin kai rahoto, jerin sauye-sauye da gwaje-gwajen da ke gudana. Sharuɗɗan suna cikin CONTRIBUTING na pytest. In hakan bai yiwu ba, rubuta a saman README cewa daga yau matsalar tsaro da karyewa a sabuwar sigar pytest kawai kake gyarawa, kuma kana neman magaji. Kada ka goge aikin, kada ka cire shi daga PyPI, domin akwai waɗanda gwajinsu na gobe da safe zai fara ne da sauko da shi.